Mujallun Hausa Daga Maɗaba'a Zuwa Wayar Hannu: Waiwaye Daga Ƙasar Tofa

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda masu buga mujallu da jaridun Hausa suka fuskanci zuwan intanet da wayar hannu, da kuma irin dabarun da suka ɓullo da su don kada sana'arsu ta durƙushe. An haɗa mujallu da jaridu wuri guda ne saboda a tarihin ɗab'in Hausa tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, domin akasarin abin da ake kira jarida mako-mako ko wata-wata yake fitowa, kuma yakan ƙunshi sharhi da waƙoƙi da wasiƙu kamar yadda mujalla take yi. Bayanin ba zai tsaya ga ofisoshin editoci na Kano da Kaduna da Abuja kawai ba. Za a riƙa auna kowane mataki da halin mai karatu na karkara, kuma an ɗauki ƙasar Tofa ta zama ma'auni.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, tun farkon al'amari matsaloli biyu ne suka dabaibaye mujallar Hausa. Ta farko ita ce yadda za ta isa hannun mai karatu. Ta biyu kuwa ita ce wanda zai ɗauki nauyin kuɗin buga ta. Intanet ta kusa kawar da matsala ta farko, amma ta ƙara tsananta ta biyu, sannan ta haifar da ta uku, wato matsalar adanawa.

3.1 Ƙasar Tofa da Hanyar Birni

Tofa ƙaramar hukuma ce a Jihar Kano, tana yamma da birni, kuma tana maƙwabtaka da Dawakin Tofa da Rimin Gado. Ƙidayar shekara ta 2006 ta nuna tana da mutane kimanin dubu 97. Daga cikin garuruwanta akwai Lambu da Doka da Langel da Janguza. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa, tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960, inda gonaki suke manne da juna, ba a barin saura, ana noma kowace gona duk shekara da taimakon taki.

Muhimmancin wannan bayani ga tarihin mujalla shi ne, mutumin irin wannan yanki bai taɓa yankewa daga birni ba. A da yakan kai itace da hatsi a kan jaki, ya dawo da taki. Daga baya keke da babur da motar haya suka maye gurbin jaki. Ta wannan hanya ce takarda ma take shiga ƙauye. Dillalan jaridu a birni suke da tebura, saboda haka mujalla takan isa karkara ne a aljihun malamin makaranta, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko ɗalibi, ko ɗan kasuwar da ya je sarin kaya. Idan ta iso kuma ba ta mutum ɗaya ba ce. Za a karanta ta a majalisa a bayyane don waɗanda ba su yi boko ba su ji, a shiga da ita cikin gida, a ba da aronta har sai bangonta ya yage. Ke nan kwafi ɗaya yana iya samun masu karatu da masu sauraro da yawa, amma mai bugawa kuɗin kwafi ɗaya kawai ya karɓa. Wannan ita ce asalin raunin kasuwar mujallar Hausa, kuma ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

3.2 Zamanin Tallafin Hukuma

A shekara ta 1932 gwamnatin mulkin mallaka ta fara fitar da Jaridar Nijeriya ta Arewa cikin harsuna uku, wato Hausa da Larabci da Ingilishi. Amma jaridar da ta kafa harsashi na haƙiƙa ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, ƙarƙashin Hukumar Talifi da Dokta R. M. East yake shugabanta, Malam Abubakar Imam kuma yana matsayin edita. Sunanta kansa ya faɗi farashinta. Sai dai kwabon da ake biya ba shi ne yake riƙe da ita ba, gwamnati ce take biyan ma'aikata da kuɗin ɗab'i, domin tana bukatar kafar da za ta yi magana da jama'a, musamman da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a wannan shekara. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya don ya riƙa wannan aiki.

A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna don waɗanda suka koyi karatu a ajin manya su sami abin karantawa. Daga cikinsu akwai Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, da Zumunta ta Bauci. Waɗannan su ne suka fi kusantar mutumin karkara, domin ta hannun En'e da malaman ajin manya suke bi. Da aka rushe NORLA a 1959 saboda matsalar kuɗi, sai ƙarfinsu ya karye. Wannan shi ne darasi na farko: da zarar mai ɗaukar nauyi ya janye hannu, takardar takan faɗi ko da kuwa tana da masu karatu.

Haka tarihi ya maimaita kansa a Kano. A shekara ta 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Kamfanin Triumph, wanda ya riƙa buga Albishir da boko, da kuma Alfijir da ajami. Alfijir tana da muhimmanci na musamman ga yanki irin na Tofa, inda masu karatun allo suka fi masu boko yawa a wancan lokaci. Amma bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, kuɗin takarda da tawada ya tashi. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku, wadda aka yi fatan za ta wadatar da ƙasa, ta daina aiki a shekarun 1990, don haka aka dogara ga takardar da ake shigowa da ita daga waje. Tun daga nan farashin dala ya zama shi ne yake yanke wa kowace mujalla hukunci.

3.3 Zamanin Mujallun Fim

A lokacin bunƙasar finafinan bidiyo, mujallar Hausa ta tsaya da ƙafarta ba tare da jingina da gwamnati ba. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar ta yi ta haɓaka har ta tara jama'a masu son jin labarin 'yan wasa. A 1998 Sunusi Shehu Daneji ya fito da mujallar Tauraruwa a Kano, kuma a shafukanta ne sunan Kannywood ya samo asali a 1999. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna, tana fitowa wata-wata. Daga nan wasu suka biyo baya, irin su Mumtaz da Bidiyo da Garkuwa da Nishaɗi da Majigi.

Abubuwa uku ne suka ba waɗannan mujallu ƙarfi. Na farko, suna da abin da babu shi a wani wuri, wato hotunan 'yan wasa masu launi da hirarraki da su da labaran aure da saɓani a tsakaninsu. Na biyu, suna da masu talla na cikin gida, domin duk furodusan da zai saki kaset yana bukatar a sanar da jama'a. Na uku, sun bi hanyar da kaset yake bi. Ɗan kasuwar da ya zo sarin kaset a Ƙofar Wambai ko Bata yana iya haɗawa da mujalla, ya kai shagon haya na garinsu. Ta haka mujallar fim ta shiga wuraren da jaridar siyasa ba ta shiga, musamman hannun matasa da matan aure, waɗanda dama littattafan soyayya na kasuwar Kano sun riga sun saba musu da karatun Hausa.

Duk da haka, akasarin waɗannan mujallu ba su yi tsawon rai ba. Jarinsu kaɗan ne, dillalai sukan riƙe kuɗi, kwantai kuma yana komawa kan mai bugawa. Bugu da ƙari, rayuwarsu ta rataya ne a wuyan sana'a ɗaya. Duk abin da ya taɓa fim ya taɓa su. Alal misali, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekara ta 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Fim ce ta fi sauran juriya, har ta haura shekara ashirin, ta zama babbar taskar tarihin wannan masana'anta.

3.4 Shigowar Wayar Hannu da Intanet

A watan Agusta na 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, Glo kuma ta biyo baya a 2003. A shekarun farko waya ba ta yi wa mujalla barazana ba, hasali ma ta taimaka wa wakilai wajen aiko da labari. Intanet kuwa sai an je shagon kwamfuta a birni an biya kuɗin awa. Abokin gogayya na farko shi ne rediyo mai zaman kansa, domin a 2003 aka buɗe Rediyon Freedom a Kano, wanda muryarsa take isa ƙauyukan da ke kewaye da birni kyauta.

Alamar farko ta abin da ke tafe ta bayyana ne a 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar wasa ya bazu daga waya zuwa waya. Kafin mujallar wata-wata ta shiga maɗaba'a, labarin ya riga ya game gari. Sakamakon haka aka dakatar da shirya finafinai a Kano na tsawon watanni, aka kuma tsananta dokokin tacewa. Wannan lamari ya nuna abubuwa biyu: waya ta fi maɗaba'a sauri, kuma kasuwar da mujallun suka dogara da ita tana iya tsayawa cik a rana ɗaya.

Daga shekara ta 2010 zuwa gaba, wayoyi masu shiga intanet suka yi araha, Facebook da WhatsApp da Instagram suka shiga hannun matasa. Ɗan wasan da a da yake jiran mujalla ta buga hotonsa, sai ya zama yana sakawa da kansa a shafinsa. Furodusa ma ya daina biyan kuɗin talla a takarda. A lokaci guda kuma kasuwar faifan CD ta durƙushe saboda satar fasaha da masu tura finafinai a waya, waɗanda suka buɗe rumfuna har a ƙauyuka. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da finafinai masu dogon zango na YouTube irin su Izzar So da ya fara a 2020, suka canza hanyar kallo baki ɗaya. Da shagon kaset ya rufe, mujalla ta rasa mai talla, ta kuma rasa hanyar zuwa karkara.

Jaridun gwamnati ma ba su tsira ba. A 2012 gwamnatin Kano ta rufe Kamfanin Triumph, sai bayan wasu shekaru wata gwamnati ta sake buɗe shi. A wannan tsakani ne kuma Kamfanin New Nigerian, wanda Gaskiya Ta Fi Kwabo take ƙarƙashinsa, ya shiga matsin da ya hana jaridar fitowa kamar yadda aka saba. Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin ya faru ba. A Amurka mujallar Newsweek ta daina fitowa a takarda a ƙarshen 2012, ta dawo a 2014, a Ingila kuma jaridar Independent ta koma intanet kacokan a 2016.

3.5 Dabarun da Masu Bugawa Suka Bi

Idan aka yi la'akari da abin da ya gudana, za a iya kasa dabarun masu bugawa gida huɗu.

Dabara ta farko ita ce mayar da ƙarfi kan intanet. Mujallar Fim ta buɗe shafinta, inda take sakin labari da zarar ya faru, ba tare da jiran ƙarshen wata ba. Wannan ya rage kuɗin takarda da na sufuri da asarar kwantai. Sai dai ya canza yanayin aikin, domin edita ya koma gasa da duk wani mai waya da ya ji ƙishin-ƙishin. Abin da ya rage wa mujalla na fifiko shi ne tantance labari da jin ta bakin kowane ɓangare.

Dabara ta biyu ita ce fakewa a inuwar babban kamfani. Aminiya, wadda Kamfanin Media Trust ya fara bugawa a 2006, da Leadership Hausa, da Manhaja ta Kamfanin Blueprint, duk suna cin moriyar maɗaba'a da wakilai da sashen talla na jaridun Ingilishi da suka haife su. A nan babban kamfani ne ya hau kujerar da gwamnati ta zauna a kai a zamanin Gaskiya.

Dabara ta uku ita ce komawa ga murya da hoto. Aminiya ta ɓullo da shirye-shiryen saurare irin su Najeriya a Yau da Daga Laraba, sauran kafofi kuma suna sakin gajerun bidiyo. Wannan dabara ta dace da al'adar Bahaushe ta sauraro, wadda sashen Hausa na BBC ya gina kansa a kanta tun 1957. Ana iya cewa tsohon mai karanta wa majalisa jarida a bayyane ne ya dawo, amma a cikin waya.

Dabara ta huɗu ita ce haihuwa a intanet tun farko, ba tare da taɓa shiga maɗaba'a ba, kamar yadda Premium Times ta yi a 2011, daga baya ta buɗe sashen Hausa. Ƙananan kafofi masu yawa sun bi wannan sahu, wasu da editoci ƙwararru, wasu kuwa mutum ɗaya ne da wayarsa.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin dabarun nan da ta sa mai karatu ya biya kuɗin labari kai tsaye. Kuɗin da matashin Tofa yake kashewa yana tafiya ne ga kamfanin waya ta hanyar sayen data, da kuma mai rumfar caji idan babu wutar lantarki. Kuɗin talla kuma kaso mai tsoka yana tafiya ga Google da Facebook. Marubutan littattafan Hausa sun ɗan samo mafita, domin sukan sayar da labari ta WhatsApp, a biya su ta banki ko da katin waya. Amma labarin jarida ba ya sayuwa ta wannan hanya, saboda ana samun irinsa kyauta a wani shafin. Komawa takarda kuma ya ƙara wuya tun daga 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa kimanin naira 1,500 a farkon 2024.

3.6 Riba da Asara ga Mai Karatu na Karkara

Ta fuskar isar labari, babu shakka an ci riba. Abin da a da sai an jira mai zuwa birni, yanzu yana isa Lambu ko Doka a daidai lokacin da ya isa Abuja. Matar da ke cikin gida ba ta bukatar aiken yaro. Wanda bai iya boko ba yana iya saurare. Haka kuma mai karatu yana iya mayar da martani nan take, maimakon wasiƙar da za ta yi makonni a gidan waya.

Amma akwai asara iri uku. Ta farko, hanyar ba a hannun mai bugawa take ba. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Duk da cewa katsewar ba ta shafi Tofa ba, ta nuna cewa umarni ɗaya yana iya raba karkara da duk wata mujallar intanet. A watan Janairu na 2025 ma an amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a farashinsu.

Ta biyu ita ce lalacewar ƙa'idar rubutu. Gaskiya Ta Fi Kwabo makaranta ce ta daidaitacciyar Hausa ga waɗanda suka tashi da karanta ta. A waya kuwa akasarin masu rubutu ba sa sanya haruffa masu ƙugiya, har a rasa bambanci tsakanin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ga kuma haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Gaggawar riga wasu sakin labari ta rage aikin mai duba kurakurai.

Ta uku, wadda ta fi shafar mai nazarin tarihi, ita ce adanawa. Tsofaffin kwafen jaridun Arewa suna nan a wurare irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da ɗakunan karatu na jami'o'i, ana iya buɗa su bayan shekara tamanin. Shafin intanet kuwa yana ɓacewa ne ranar da aka kasa biyan kuɗin ajiyarsa. Zaurukan Yahoo, inda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe dandalin muhawara kan finafinan Hausa a 2001, an rufe su baki ɗaya a watan Disamba na 2020. Manhajar OkadaBooks, wadda ta ɗauki littattafan Hausa masu yawa, ta rufe a 2023. Idan ba a ɗauki mataki ba, mai bincike na gaba zai fi samun bayani a kan shekara ta 1950 fiye da shekara ta 2015.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda mujallar Hausa ta ratsa zamani uku: na tallafin hukuma, da na kasuwar fim, da na wayar hannu. A kowane zamani akwai wanda yake biyan kuɗin da mai karatu bai biya ba, kuma duk lokacin da wannan mai biya ya janye, mujallu sukan mutu. An kuma ga cewa mai karatu na ƙasar Tofa bai taɓa ƙin karatu ba, hanya da farashi ne suke yi masa shamaki. Yanzu da hanya ta buɗe, sauran aiki biyu ne. Masu bugawa suna bukatar hanyar karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan daga mutane masu yawa, daidai da ƙarfin aljihun manomi, kamar yadda kwabon 1939 ya kasance. Jami'o'i da hukumomin adana tarihi kuma suna bukatar su riƙa tattara abin da ake wallafawa a intanet da Hausa, su kuma ɗauki hoton tsofaffin mujallun fim tun kafin gara da damina su gama da sauran kwafen da ke hannun jama'a.